Babi na Shida: Rana Tana Tsaka, Gida Babu Wuta

Ranar Litinin 28 ga Afrilu, 2025, da ƙarfe 12:33 na rana, wutar lantarki ta ɗauke a ƙasashen Sifaniya da Fotugal kusan baki ɗaya. Cikin sakan kaɗan babban layin Sifaniya ya yi asarar megawat 15,000, kusan kashi 60 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha a lokacin. Jiragen ƙasa suka tsaya a tsakiyar daji, danjoji suka mutu a mararrabar titunan Madrid da Lisbon, na'urorin cirar kuɗi suka yi shiru. Wasu garuruwan sun samu wuta da yamma, wasu sai da gari ya waye.

Cikin waɗanda suka wuni ba wuta akwai dubban gidajen da rufinsu ke shimfiɗe da farantan sola. Tun 2018, da gwamnatin Sifaniya ta soke kuɗin da jama'a suka laƙaba wa suna harajin rana, mutane suka shiga ɗora faranti, abin ya ƙara haɓaka a 2022 da kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren. Ga rana ta take, ga faranti a sama, amma akasarin masu su da suka buɗe firji sai suka tarar da duhu. Wanda ya leƙa inbatar da ke manne a bango, ko dai ya ga jar fitila da ɗan rubutu cewa babu wutar layi, ko ya ga allon ya mutu murus. Haka ta faru da mutanen jihar New Jersey ta Amurka a ƙarshen Oktoban 2012, lokacin da guguwar Sandy ta raba gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 8 da lantarki a jihohi da dama. Guguwa ta wuce, sama ta washe, masu sola suka yi kwanaki suna bin layin sayen fetur tare da maƙwabtansu.

Mutumin Kano ko na Damagaram da ya ji wannan labari zai ce, to amfanin me? Shi ya tara kuɗi ya sayi sola ne don ranar da aka ɗauke wuta, wato kusan kullum. Amsar ita ce babu abin da ya lalace a gidajen nan. Na'urorin sun yi daidai abin da aka ƙera su su yi, kuma da sun yi akasin haka da an hana sayar da su.

Sai mu fara duba abin da ke cikin irin wannan tsari. Kaya uku ne: faranti, inbata, mita. Faranti yana ba da miƙaƙƙiyar wuta irin ta batir, mai tafiya gefe guda. Inbata ta juya ta zuwa wuta mai kai-komo, irin wadda ke saukowa daga falwaya, ta zuba ta cikin wayoyin gida. Abin da gida ya sha ya sha, ragowar ta bi ta mita ta fita layin unguwa, maƙwabta su sha, kamfani ya rubuta wa mai gida a lissafinsa. Da dare kuma ya sayo daga layi kamar kowa. Batir ba ya cikin lissafin kwata-kwata.

Wannan ba mantuwa ba ce. Tsarin ya girma ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. A shekarar 2000 Jamus ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanonin lantarki sayen duk yunit ɗin da rufin mutum ya tura layi, a kan tsayayyen farashi, har shekara ashirin. Sai sola ta zama hanyar zuba jari: ka ɗora faranti, ka jira kuɗi. Kuma a Jamus, idan aka yi matsakaicin lissafi, gida yana rasa wuta na kimanin minti 12 zuwa 13 ne. A shekara fa, ba a rana ba. Wa zai ƙara maƙudan kuɗi a kan batir saboda duhun da bai kai rubu'in awa ba?

* * *

Dalili na farko da ya sa inbata ke kashe kanta shi ne ran ɗan Adam.

A ce iska ta tsinka wayar layi mai bolt 11,000 a bayan wata unguwa. Kamfani ya yanke wutar layin daga tasha, aka sanar da ma'aikata cewa layi ya mutu. Ma'aikaci ya jingina tsani da falwaya, ya ɗaura bel, ya hau. A wannan lokacin, can cikin unguwa, wani gida mai faranti na kilowat biyar yana ci gaba da tura bolt 230 waje. Wutar ta bi waya ta isa taransfomar unguwa. Ita kuwa taransfoma ba ta san gaba da baya ba. Naɗin waya biyu ne a jikin ƙarfe guda: ka ba ta babbar wuta ta sama, ta sauko maka da ita ƙarama, ka ba ta ƙarama ta ƙasa, ta ɗaga maka ita zuwa dubban bolt. Wayar da aka ce wa ma'aikaci ta mutu, ashe da ranta. Haka ma guntun da ya faɗo a kan titi, inda yara ke wucewa.

Mu ma mun san wannan hatsari, ta hanyar janareta. Duk mai aikin wayarin na ƙwarai zai gaya maka abin da ke faruwa idan mutum ya jona janareta da wayoyin gida ba tare da makunnin canji ba, ya kuma manta bai zare fis ɗin mita ba. Ma'aikatan layi ana koya musu su gwada waya su kuma ɗaure ta da ƙasa kafin su taɓa, amma dokar da ta dogara kacokan a kan cewa gajiyayyen mutum ba zai taɓa yin kuskure a tsakiyar ruwan sama ba, ba doka ba ce mai kyau.

Akwai hatsari na biyu da ba a cika ambata ba. A manyan layuka akwai makunnai masu mayar da kansu: reshen bishiya ya taɓa waya, su yanke, bayan sakan kaɗan su sake jonawa su ga ko matsalar ta wuce. Idan a ɗan tsakanin nan wata unguwa ta ci gaba da rayuwa da wutar rufinta, wanda injiniyoyi ke kira tsibiri, to bugun wutarta zai saɓa da na babban layi. Da an mayar da wuta sai biyun su yi karo, injuna su ƙone, ita kanta inbatar ta tafi.

Shi ya sa aka kafa ƙa'ida. A Amurka, ma'aunin IEEE 1547 da ya fito a 2003 ya ce da zarar tsibiri ya samu, inbata tana da sakan biyu ta gane ta kuma daina tura wuta. Kowace inbata sai ta ci jarrabawar UL 1741 kafin kamfanin lantarki ya yarda a jona ta. Jamus, Birtaniya, Ostareliya, Afirka ta Kudu, kowacce tana da tata takardar, amma maganar ɗaya ce.

Abin sha'awa a nan shi ne yadda inbata ke gane cewa wuta ta ɗauke. Da ji kamar abu mai sauƙi, amma a tuna ita ma tana zuba wuta ne a kan wayar da take aunawa. Idan ta auna ta ga bolt 230, na wane ne? Na kamfani ko nata?

Yawancin lokaci amsar tana zuwa da kanta. Layi ya mutu, nauyin unguwa duka, firji da dutsen guga da famfunan ruwa na gidaje hamsin, ya faɗo kan inbata guda. Ƙarfin wutar ya faɗi warwas, ta ga ya fita daga iyakar da aka gindaya mata, ta yanke kafin ƙiftawar ido. Idan kuma abin da rufin ke samarwa ya fi abin da ake sha, ƙarfin ya yi sama, nan ma ta yanke. Inda gizo ke saƙar shi ne idan aka yi katari abin da ake samarwa ya zo daidai da abin da ake sha. A nan komai zai zauna lafiya lau a ma'auni, alhali layi a mace yake.

Dabarar da aka ɓullo da ita tana da wayo. Inbata ba ta zaman jiran alama, tsokana take yi. A kowane lokaci tana ɗan tura bugun wutar gefe, kaɗan ƙwarai, ta ga ko zai motsa. Idan babban layi yana nan, da manyan injunansa masu nauyin ɗaruruwan tan suna juyawa a tashoshi, turin inbatar gida ba ya ko girgiza shi. Idan kuwa layin ya tafi, bugun sai ya bi turin. Ta ga ya motsa, ta ƙara turi, ya ƙara gocewa, har ya fita daga iyaka, ta kashe kanta. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin wannan dabara ta fito ne daga cibiyar bincike ta Sandia da ke jihar New Mexico. A ɗakin gwaji kuma da gangan ake haɗa wa inbata wancan mummunan katarin: a daidaita mata kayan shan wuta su yi cif da abin da take bayarwa, a yanke layi, a duba agogo.

Ko da wuta ta dawo ba ta tashi nan take. A Amurka an saba saita ta ta jira minti biyar tana auna layin, a Jamus minti ɗaya. Idan wutar ta sake ƙiftawa a tsakani, lissafi ya koma farko. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

* * *

A ce yanzu an kawar da maganar ma'aikaci. Mai gida ya je ya kashe babban makunnin gidansa, ya raba kansa da layi, babu wanda zai cutu. Me zai hana inbatar ta ba shi wuta? Wannan ce tambayar da ta fi ci wa masu sola tuwo a ƙwarya, kuma amsarta ta fi ta farko zurfi: ko an ba ta izini ba za ta iya ba.

Wutar layi a Turai da Afirka tana kai-komo sau 50 a kowane sakan, a Amurka sau 60. Inbatar da ake jonawa da layi ba ita ke yanka wannan bugu ba. Sauraro take yi, ta kama lokacin da wutar layi ke tashi da lokacin da take sauka, ta zuba tata a daidai wannan gaɓa. 'Yar amshi ce. Tana iya samun murya mai ƙarfi, amma sai an ba da waƙa take karɓa, kuma idan mai bayarwa ya yi shiru ba ta da baitin kanta. A tsakar ranar nan ta Sifaniya, hasken rana ne ke samar da fiye da rabin wutar ƙasar, amma da layi ya faɗi babu rufi mai irin wannan inbata da ya iya tayar da ko ƙwan fitila guda.

Sai kuma maganar daidaito. Lantarki ba ya jira: abin da aka samar a wannan sakan dole a sha shi a wannan sakan. Aikin inbatar layi shi ne ta tatso iyakar abin da faranti zai iya bayarwa ta tura, ba ruwanta da ko gida yana bukata. Ragi da ƙari duk babban layi ke ɗauka. Ka cire layin, sai ka ga irin aikin da yake yi a ɓoye. Ƙarfe ɗaya na rana rufi yana ba da wat 4,000, gida yana shan 600: ina sauran za su? Gajimare ya gifta, wat 4,000 suka koma 700 cikin sakan kaɗan. A daidai lokacin kwamfiresan firji ya tashi, shi kuwa wajen tashi yana fizgar ninki uku zuwa biyar ko fiye na abin da yake ci idan ya daidaita. Wutar da ke hawa da sauka haka ta fi rashinta illa ga talabijin da firji.

Farantan da ke sama fa, me suke yi duk tsawon wannan lokaci? Suna shan rana, hasken yana komawa zafi a jikinsu. Amma ba su mutu ba. Faranti guda yana riƙe da bolt 40 zuwa 50 ko ba a jan komai daga gare shi, kuma idan an jera goma a waya ɗaya, bolt 400 zuwa 500 ke nan kwance a kan wayar da ta sauko daga rufi. Gida babu wuta, amma wannan wayar tana iya kisa. Saboda 'yan kwana-kwana da ke hawa rufi suna fasa shi da gatari, dokar wayarin ta Amurka ta 2014 ta wajabta a sa hanyar sauke wannan ƙarfi cikin gaggawa.

Ita ma ƙa'idar kashe kai ta taɓa zama abin tsoro, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. Daren 4 ga Nuwamba, 2006, aka kashe wani babban layi mai bolt 380,000 da ya ratsa kogin Ems a arewacin Jamus, domin sabon jirgin ruwan yawon shaƙatawa mai suna Norwegian Pearl ya wuce ta ƙarƙashinsa. Lissafi ya kuskure, wasu layukan suka ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu suka yi ta yankewa, babban layin Turai ya tsage gida uku. Gidaje kusan miliyan 15 suka rasa wuta, har Faransa da Italiya da Sifaniya. A ɓangaren arewa maso gabas wuta ta yi yawa, bugu ya haura 51.

Dare ne, kuma sola ba ta yi yawa ba a lokacin. Amma ƙa'idar Jamus ta wancan zamani ta ce kowace inbatar gida ta yanke da zarar bugu ya kai 50.2. Da faranti suka ƙaru har suka kai kusan megawat 25,000 a ƙarshen 2011, sai injiniyoyi suka zauna suka yi lissafi: idan irin wannan ta faru da tsakar rana a watan Yuni, dubban megawat za su ɓace a sakan guda, alhali ajiyar gaggawa ta layin Turai duka megawat 3,000 ce. Dokar da aka yi don kare ma'aikaci ɗaya a kan falwaya ta zama mai iya kayar da nahiya. A 2012 gwamnati ta ba da umarnin a bi gidaje da gonaki da rumbuna a sake saita na'urori fiye da dubu 300. Sababbin inbatoci kuwa, idan bugu ya wuce 50.2, sai su riƙa rage wuta sannu a hankali, ba sa yankewa sai ya kai 51.5. Amurka ma ta gyara nata ma'aunin a 2018, ta ce inbata ta daure wa ƙaramar girgiza maimakon ta tsere. Don haka inbatar yau ana nemanta da abu biyu masu karo da juna: kada ta gudu idan layi yana tangaɗi, amma ta gudu cikin sakan biyu idan ya faɗi.

* * *

Mutanen Jafan sun samu mafita mai araha, don ƙasarsu ta girgizar ƙasa ce. Yawancin inbatocin gida a can suna da wani soket na musamman. Wuta ta ɗauke, mai gida ya kashe makunnin da ya haɗa sola da layi, ya danna maɓallin aikin kai-da-kai, sai wannan soket guda ya ba da wuta har wat 1,500 muddin akwai rana. Ba a jone yake da wayoyin gida ba, sai dai a jawo doguwar waya a kai wa firji ko tukunyar shinkafa. Gajimare ya zo ya mutu, rana ta faɗi ya mutu. Da girgizar ƙasar 6 ga Satumba, 2018, ta jefa tsibirin Hokkaido duka cikin duhu, gidaje kusan miliyan 3, wannan soket ne ya caja wayoyin unguwanni. Kamfanin SMA na Jamus ya sa irinsa a inbatocin da yake sayarwa a Amurka, kuma a 2021 kamfanin Enphase ya fito da ƙananan inbatoci, IQ8, masu iya yanka bugun kansu da rana ba tare da batir ba. A ganina soket ɗin Jafan ya fi yawancin dabarun da suka biyo bayansa daraja, don kusan ba ya ƙara kuɗi kuma bai yi alkawarin abin da ba zai iya ba.

Wanda ke son gida ya ci gaba da aiki dare da rana kuwa, sai ya tanadi abu uku tare: makunnin da zai raba gida da layi da kansa, inbatar da ta iya ba da bugu ba sai ta ji na wani ba, da batir da zai shanye ragi ya cike giɓi. A Kalifoniya mutane sun koyi wannan ne bayan gobarar dajin Nuwamban 2018 da ta cinye garin Paradise ta kashe mutum 85, wadda wayar kamfanin lantarki na PG&E ta tayar. Daga nan kamfanin ya yawaita yanke wuta da gangan idan busasshiyar iska ta taso. A zagaye ɗaya kawai na Oktoban 2019, gidaje da shaguna fiye da dubu 700 abin ya shafa. Kasuwar batir ta buɗe.

Sai dai batir kaɗai ba shi ne magani ba. A Turai an sayar da batura da yawa waɗanda aikinsu kawai su tara wutar rana a sha da dare don rage kuɗin wuta. Babu makunnin rabuwa a tare da su, don haka layi yana mutuwa su ma suke kwantawa, cike da caji. Mutum ya ga kashi 100 a wayarsa, yana zaune da kyandir.

Kuma ko an haɗa komai daidai, batir yana da iyaka. Powerwall 2 na kamfanin Tesla, wanda ya yi tashe a Amurka, yana ɗaukar yunit 13.5. Firji da fankoki uku da fitilu da cajin waya za su iya wuce kwana guda a kai. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kuwa yana cin fiye da yunit guda a awa, biyu daga cikinsu za su ƙarar da shi kafin asuba. Shi ya sa masu haɗawa ke ware layin kayan dole daban, su bar hita da murhun lantarki a wancan gefen. Idan kuma aka bari batir ya zube ƙasa da dare, wasu tsare-tsaren ba sa iya tashi da safe ko rana ta fito, don inbatar rufi tana jiran bugu daga batir, batir kuma yana jiran caji daga rufi. Masu ƙira nagari sukan ɓoye ɗan kaso na caji saboda wannan.

Akwai wata dabara a nan da ke ba ni dariya duk lokacin da na tuna ta. A gidan da aka ƙara batir a kan tsohuwar inbatar layi, idan wuta ta ɗauke, inbatar batir ce ke yin bugu, tsohuwar ta ɗauka layi ne ya dawo, ta ci gaba da aiki. To idan batir ya cika, rana kuma tana ci gaba da dukan rufi, yaya za a ce mata ta dakata, alhali babu wayar magana tsakaninsu? Sai inbatar batir ta ɗaga bugun da gangan, ya wuce 50.2, ya doshi 52. Tsohuwar ta ga layi ya rikice, ta rage wuta ko ta yanke. Halin da ya hana injiniyoyin Jamus barci, shi ne aka mayar linzami.

* * *

A ƙasashenmu lissafin a juye yake. A ƙarshen Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala, yawancin jihohin arewacin Najeriya sun yi fiye da mako guda babu wuta. A Nijar, wadda a lokacin ke sayen kusan kashi 70 na lantarkinta daga Najeriya, an yanke layin a Agustan 2023 bayan juyin mulki, aka yi watanni a haka. Inbatar layi zalla a irin wannan wuri kayan ado ce. Ko a ranar da aka kawo wuta, sau nawa take zuwa da ƙarfin da fanka ke juyawa da ƙyar? Inbatar layi za ta auna, ta ga bolt ɗin ya gaza iyaka, ta ƙi tashi. Ta samu mai kyau ta fara ƙirgen minti biyar ɗinta, a minti na huɗu a ɗauke. Ga kuma mitar kati: wasu irinta ba sa bambance wutar da ta shigo da wadda ta fita, sai su zaftare wa mutum yunit a kan wutar da ya bayar kyauta.

Don haka kasuwarmu ta tafi ga inbata mai haɗa uku, wadda ke karɓar sola da batir da wutar layi, ta kuma sauya daga wannan zuwa wancan cikin kashi ɗaya ko biyu bisa ɗari na sakan, talabijin ma ba ya ƙiftawa. Afirka ta Kudu ta bi wannan hanya da gudu a 2023, shekarar da aka yi fiye da kwana 300 ana karɓa-karɓar wuta. Amma a lura, yawancin irin waɗannan inbatoci suna da ƙofa biyu, ta layi da ta gida, kuma wasunsu suna iya tura wuta waje idan an saita su haka. Mai haɗawar da ya cakuɗa ƙofofin, ko ya tsallake makunnin canji don ya rage wa mai gida kuɗi, ya dawo da ma'aikacin nan kan tsaninsa cikin hatsari. Kafin a biya shi cikon kuɗinsa, a sa shi ya kashe babban makunni da rana a ga ko gida zai tsaya da ƙafarsa, a kunna famfon burtsatse a ga ko inbata za ta ɗauka, sannan ya ɗora mita a kan wayar da ta nufi falwaya a tabbatar babu ko bolt guda a kanta.

Inda inbatar layi zalla ke da gurbi a wurinmu shi ne masana'antu da manyan asibitoci da otal-otal, masu shan wuta da rana, waɗanda batir ɗin da zai ɗauke su ya fi ƙarfin aljihu. Su janareta ke ba su bugu idan layi ya tafi, sola kuma ta rage musu shan dizal. Masu gidaje sukan ji haka su ce bari su ma su yaudari inbatarsu da ƙaramin janareta. Takan yaudaru kuwa, idan bugun injin ya daidaita. Matsalar tana zuwa lokacin da rufi ya samar da fiye da abin da gida ke sha: ragowar ba ta da inda za ta sai cikin janareta, shi kuwa ba a yi shi don ya karɓi wuta ba. Ƙarfin wuta ya yi sama, idan an yi sa'a inbata ta yanke, idan ba a yi ba naɗin janareta ko na'urar daidaita wutarsa ta ƙone. A masana'antu ana sa wata na'ura a tsakani, mai auna nauyin da ke kan injin kowane sakan tana umartar inbatoci su rage ko su ƙara. Ana saita ta yadda injin dizal ba zai sauka ƙasa da kimanin kashi 30 na ƙarfinsa ba, don idan ya daɗe yana aiki ba nauyi, man ba ya ƙonewa sosai, baƙin maiƙo ya taru a salansa da cikin injin, a wayi gari kuɗin gyara ya cinye ribar dizal ɗin da aka rage.